Yadda ake gane ko funfunar da ta kama majiyyata biyu tushenta ɗaya

A ce majiyyata biyu a ɗaki ɗaya na asibiti sun kamu da funfunar Aspergillus fumigatus a huhu, ga kuma ana rushe wani gini a bayan ɗakin. Daga ƙurar ginin ta taso, ko kowa da tasa ya zo? Ido ba ya raba wannan gardama, madubin likita ma haka. Sai an leƙa DNA, wato ƙwayoyin gadon funfunar.

Da farko a shuka majinar kowane majiyyaci a farantin Sabouraud, wato farantin abincin da ake tsirar da funfuna a kai, a ajiye a zafin digiri 37 na Celsius. A ɗebo samfurin iska da ƙurar ɗakin, su ma a shuka. Kada a tsaya kan tsiro ɗaya daga kowane faranti, domin huhun mutum guda yana iya ɗauke da iri biyu ko uku.

Sai a fitar da DNA. Bangon ƙwayar funfuna yana da tauri, don haka ake girgiza ta da ƙananan duwatsun gilashi har ya fashe.

Mataki na uku shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a tabbatar da sunanta. Karanta yankin DNA da ake kira ITS yana nuna danginta ne kawai. Sai an karanta wasu yankunan DNA, beta-tubulin ko calmodulin, ake raba fumigatus da 'yan'uwanta masu kama da ita, irin su Aspergillus lentulus, wadda aka bayyana a 2005, kuma sau da yawa ba ta jin maganin da ke kashe waccan.

Daga nan sai tantance iri. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce STRAf, wadda masana a ƙasar Holan suka fitar a 2005. A cikin DNA, wanda yake kamar dogon jerin haruffa, akwai wurare da 'yan haruffa biyu, uku ko huɗu ke maimaita kansu, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga iri zuwa iri. Ana duba wurare tara, a ninka su da PCR, wato hanyar kwafar DNA sau da yawa, a rukuni uku, na'ura ta auna tsawon kowanne. Kowace funfuna sai ta fito da lambobi tara, tamkar zanen yatsa. Akwai wata hanyar tantance iri mai suna MLST, amma a kan fumigatus ba ta rarrabewa sosai. A ganina ɓata kuɗi ne. Karanta DNA ɗin kaf ya fi duka, in da hali.

Ƙarshe a jera lambobin. Idan na majiyyatan biyu da na ƙura suka yi daidai a duk wurare tara, zargi ya yi ƙarfi, sai a duba ranakun kwanciya da na rushe ginin. Idan suka saɓa, ba a wanke ginin ba tukuna: iskar ɗaki ɗaya tana ɗauke da iri masu yawa, kuma mai yiwuwa farantin bai kamo wanda ake nema ba. A ƙara ɗebo samfuri.