Jinyar wanda aka yi ma aikin muƙamuƙi bayan an sallamo shi gida

Yawancin masu karayar muƙamuƙi a ƙasar nan hatsarin hanya ne ke kai su asibiti, musamman faɗuwar mashin, wasu kuma ƙari ne ya fito masu a ƙashin aka cire. Ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina aka yi aikin ko Kano aka tura ku, ranar da aka ce an sallame ku toh daga ranar jinya ta dawo hannunki ke uwargida ko mama ko yaya, dan haka da ke nake magana.

Kafin ku baro asibitin ki tambayi likita wane irin aiki aka yi. Wani ana sa mashi ɗan ƙarfe da kusoshi a ƙashin, yana iya ɗan buɗe baki, wani kuma ɗaure haƙoran sama da na ƙasa ake yi da waya ko roba, galibi sati 4 zuwa 6 bakin na rufe. In ɗaurin ne dan Allah kar ki fito sai an nuna maki da yatsa wace waya ko roba ake yankewa in numfashi ya sarƙe, da abin da ake yankewar, ki aje shi kusa da gadonshi, in za ku fita ki jefa a jaka. In amai ya taso ki zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba ko ya kwanta ta gefe, kar ya kuskura ya yi rigingine, ki ɗan ja kumatun, tunda ruwa-ruwa yake sha zai fita ta tsakanin haƙora da ta bayansu.

Kumburi zai ƙaru a kwana na 2 da na 3, fuska ta cika har hankalin mutanen gida ya tashi, haka yake, daga nan sai ya fara saɓewa. Kwana biyun farko ki naɗe fiyawata mai ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora a kumatu minti 20 ki sauke minti 20. Barci kuma da filo biyu ko uku, kai ya fi ƙirji tudu.

Inda aikin yake wallahi shi ne abinci, nan ake sakaci, a dama koko tsararo safe da yamma a ce ai ya sha, sati biyu mutum ya zabge kamar kazar mayu alhali ƙashi ba ya haɗewa da yunwa. Duk bayan awa 2 ko 3 ki ba shi wani abu ko kofi ɗaya ne. Kunun gyaɗa ki zuba madara da yawa, fura a dama ta sosai da kindirmon da kika yarda da tsabtarshi, wake ki dafa ya yi ligif ki markaɗa da romon kaza ko na nama da dafaffen ƙwai da ɗan mai, dankali da ayaba su ma suna markaɗuwa. In ba wuta balle bilenda ki murje da ludayi. Komai dai sai ya bi ta mataci, saboda ɗan tsaki guda in ya maƙale a waya yini zai yi yana damunshi. Babban sirinji da ɗan tiyo a baki ya fi cokali, ki bi ta gefen kumatu zuwa bayan haƙoran ƙarshe ki riƙa turawa kaɗan kaɗan yana zaune, ki jira ya haɗiye. Ruwa kuma ya sha sosai dan maganin ciwo da rashin abinci mai nauyi na ɗaure ciki.

Ki ɗanɗana kafin ki ba shi. Leɓen ƙasa da haɓa sukan mutu na makonni har watanni saboda jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin, zai iya ƙonewa da kunu bai ji ba.

Bayan kowane ci a kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi, a hankali ba da ƙarfi ba, da maganin kurkurar da aka rubuta. Burushin yara mai laushi in likita ya ba da izini, asuwaki a aje shi tukuna. Basilin a leɓe, balle in lokacin hunturu ne. In muƙamuƙin sama aka taɓa kar ya fyace hanci sai an ce ya yi. Magungunan da likita ya rubuta a shanye su har ƙarshe, kuma ki tambaya kafin ki daka ƙwaya, ba kowace ake dakawa ba.

Sigari, goro, rake, kilishi, ƙashi, duk babu, hawa mashin ma haka. Sallah yana iya yi a zaune in sujada na sa fuskar zugi, azumi kuma ya rama daga baya.

'Yan dubiya Allah ya saka masu da alheri, amma ki tsare ƙofa, kar a yi ta sa shi amsa ya jiki, ki ba shi takarda da biro ko ya rubuta a waya. Za a samu mai cewa a kai shi wajen maɗori ko a kwance wayar ya samu ya ci tuwo, ki ce a'a ko waye, in ƙashin ya haɗe a karkace haƙora ba za su sake haɗuwa daidai ba sai da wani aikin.

In kika ga numfashi na wahala, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko kumburi ya dawo da zafi bayan ya fara sauka, ko mugunya da wari, ko amai ya ƙi tsayawa, ko waya ta kwance haƙora sun goce, ku koma asibiti a lokacin ko tsakar dare ne, kar ku jira ranar da aka rubuta maku a kati.