Yadda za ka yi maganar auren jinsi da matasan gidanka ba tare da ƙarya ko ƙazafi ba

Da yawanmu da ke zaune a Makka, musamman nan wajajen Shara Mansur, muna ɗauka maganar auren jinsi ta can nesa ce. Amma wayar da ke hannun ɗanka ba ta san iyakar Harami ba. Ni tela ne, samarin da ke koyon ɗinki a shagona sukan kawo mini tambayar, kuma ga yadda na ga ya fi amfani a bi da ita.

Ka bar yaro ya gama tambayarsa. In ka daka masa tsawa, "Wa ya koya maka wannan?", shi ke nan ya kama bakinsa, gobe TikTok zai tambaya. Ka ce, "Zauna ɗana, me ka ji, a ina ka ji?"

Sannan ka san tarihin abin kafin ka buɗe baki. Holan ce ta fara halatta shi a 2001. Afirka ta Kudu ta biyo a 2006. Kotun ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar a duk jihohin ƙasar a 2015, yanzu ƙasashe sama da 30 suna rajistar irin wannan aure. A gida Najeriya kuwa, Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta shi a Janairun 2014, da ɗaurin shekara 14. Ka kuma koya masa bambance abubuwa, don cire hukunci daban, rajistar aure daban. A 2020 Sudan ta cire kisa da bulala daga hukuncin luwaɗi, ta bar ɗauri. Wanda ya ce ta halatta aure bai faɗi gaskiya ba.

Matsayin addininmu ka faɗe shi a sarari, ba kwana-kwana: aure a Musulunci tsakanin namiji da mace ne, ga aya ta 21 a Suratur Rum, ga ƙissar mutanen Annabi Luɗu a A'araf. Amma ka faɗa masa hujjar ɗaya ɓangaren yadda masu ita suke faɗa, cewa gwamnati ta kowa ce, mai addini da marar addini, kuma suna neman haƙƙin gado da na tsayawa wa juna a asibiti. In ka ɓoye masa, ranar da ya ji daga bakinsu zai ga kamar ka yaudare shi. Kiristoci ma suna cikin wannan muhawara: da fadar Fafaroma ta yarda a sa wa masu irin wannan zaman albarka a Disamban 2023, akasarin bishop-bishop na Afirka sun ce ba za su yi ba.

Inda zuciyata ta fi damuwa shi ne harshenmu. Sai a zauna shan shayi bayan Isha, wani ya ce, "Ai wane ma na ga take-takensa," saboda tafiyarsa, ko muryarsa, ko don ya daɗe bai yi aure ba. Kafin Asuba magana ta kai Jidda, ta kai Kano. A hana shi mata, a daina cin abinci da shi, uwarsa ta kasa shiga biki. Jama'a, wannan ƙazafi ne. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga wanda ya yi jifa da zina bai kawo shaidu 4 ba, kuma Risalar da muka karanta a zaure ta ce wanda ya kira mutum ɗan luwaɗi a yi masa haddi. Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigi. Ka nuna wa ɗanka cewa bai halatta ya buɗe wayar kowa ba, bai halatta ya ɗaga hannu kan kowa ba, komai abin da ya ji. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ma ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 1 da tarar da za ta kai riyal 500,000 kan ɓata suna, mai zaune da igama, wato takardar izinin zama, ya san abin da hakan zai jawo masa.

Saƙon murya na WhatsApp kuma, kada a tura sai an bincika. Ku tuna hayaniyar yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai a 2024, da aka yi ta cewa Najeriya ta amince da auren jinsi, alhali babu wannan a cikin takardar, dokar 2014 kuma tana nan daram.

Idan kuwa wata rana yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni kaina ina jin wani abu," to ka riƙe fushinka da hannu biyu. Kada ka dake shi, kada ka kore shi kan titi, kada ka kai maganar majalisa. Kada kuma ka yi gaggawar ɗaura masa aure don rufa asiri, 'yar mutane da za a kawo ita ma tana da haƙƙi a kanka. Ka tambaye shi ko wani babba ya taɓa cin zarafinsa, ka saurara har ya gama, ka tabbata ba ya tunanin cutar da kansa, sannan ku nemi malami ɗaya mai ilimi da riƙon amana ku zauna da shi.