Kafin ki zaɓi gidan ƙungiyar 'yan mata a jami'ar Amurka, ki fara duba kuɗin

'Yar'uwa, idan za ki shiga makon zaɓen sorority, wato ƙungiyoyin zumuncin ɗalibai mata, ki nemi takardar kuɗaɗen kowane gida, wato kowace ƙungiya, tun kafin zagayen farko na ziyartar gidajen. Ofishin Panhellenic na jami'arki, wato ofishin da ke kula da waɗannan ƙungiyoyi, shi ne wurin tambaya.

Zangon farko ya fi tsada, domin ban da kuɗin zango akwai na rajista da na bajo. Ga riguna da kyaututtuka, su kam ba a cika faɗa miki ba.

Abin da ya sa nake cewa ki duba da wuri: a daren ƙarshe za ki jera gidajen da kike so, ki sa hannu. Idan gidan da kika rubuta ya ɗauke ki kika ƙi, sai ki jira babban zaɓe na gaba, kusan shekara guda. To gidan da ya fi ƙarfin aljihun Baba, kada ki rubuta shi don kunya, ko da kin ji daɗin hirarsu.

Amma ƙungiyoyin baƙar fata irin su Alpha Kappa Alpha ba sa bin wannan tsari na zagaye-zagaye. Su sai ki halarci taron bayaninsu, ki yi tambayarki a can.