Yadda nake haɗa daren kallon kaboyi a tsakar gida

Duk daren asabar bayan isha, a nan Tawa, nakan fito da tele tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi biyu, ƙanena ya ɗora shayi. Ga mai son ya gwada a gidansa ko a fadarsu, ga abin da na koya.

Ka fara da gajerun finafinan Amurka na shekarun 1930 da 1940, waɗanda ƙananan kamfanoni irin su Monogram da Republic suka riƙa yi da kuɗi kaɗan, wani lokaci cikin mako guda. Yawancinsu ba su kai awa ɗaya ba, yara na ganin ƙarshe kafin barci ya kwashe su. Rubuta sunan John Wayne da na kamfanin fim Lone Star a YouTube, za ka samu waɗanda ya yi tsakanin 1933 da 1935, tun yana saurayi, kafin duniya ta san shi. Sauke su da rana ka zuba a kle, kuma ka saurari minti biyar na farko tukuna. Na taɓa tara mutum goma sha biyu a kan fim ɗin da muryarsa ke fita kamar daga cikin rijiya. Ka kauce wa waɗanda aka shafa wa launi daga baya. Baƙi da fari ya fi fito da ƙurar nan da ke tashi bayan dawaki.

Da Turanci suke, don haka a samu mai ba da labari ya zauna kusa da tele. Aikinsa ba yawa. Ya nuna wa mutane jarumi, ya nuna mugu, ya faɗi abin da ake rigima a kai, galibi fili ne ko ruwa ko satar shanu. Mu ƴan Adar ba sai an yi mana dogon bayani kan rigimar rijiya ba. Daga nan ya yi shiru.

Inda daɗin yake shi ne sukuwa. Ka ce wa masu kallo su sa ido a kan Yakima Canutt. Zakaran wasan dawaki ne kafin ya shiga fim. A finafinan nan yakan fito a mugu, sannan idan aka zo wurin haɗari shi ne ke sa kayan Wayne ya yi tsallen a madadinsa. Shi da Wayne suka gyara dabarar naushin da ke wuce fuska ba tare da ya taɓa ta ba, kyamara na ɗauka daga bayan kafaɗa. Tsayar da hoton a nan, ka maido shi baya, yara su gani da idonsu. Baffana, wanda ya yi kiwon doki shekara da shekaru, yakan matso har gaban tele ya ce, "Ɗana, maido mini wurin nan, mutumin nan ya san linzami." Idan kuka kalli uku ko huɗu za ku lura ana maimaita sukuwa ɗaya da duwatsu ɗaya, don kuɗin sake ɗauka babu. Ni wannan bai taɓa rage mini komai ba, ƙara mini ganin ƙoƙarinsu yake yi.

Na Italiya, waɗanda aka ɗauka a hamadar Almeriya ta Spain daga 1964, ka bar su sai yara sun kwanta, jini ya yi yawa a ciki.

Kada ka tashi taron ba ka sa namu ba. A 1966 mai shirya fim Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a nan Tawa kafin rasuwarsa, ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da huluna da takalman kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. Ƴar wasan fim ta Nijar, Zalika Souley, na ciki. Rabin awa ne da ƴan mintoci, da Faransanci, mai ba da labari sai ya huta. Ka caza batir tun da rana saboda ɗaukewar kuran, ka kuma tanadi sukarin shayi na uku, don bayan wannan fim ɗin hira kan kai tsakar dare.