Yadda za ka shirya yaronka na aikin famfo ya shiga gasa

Oga, in ka yi niyyar kai yaronka gasar aikin famfo da ɗumama gida, to ka fara sauya idon da kake duba aikinsa da shi. Kwastoma dai in ruwa ya zo babu yoyo shi ke nan ya sallame ka, amma alƙalin gasa tef zai zaro da lebul da sikwaya ya bi fayif ɗin gaɓa-gaɓa, kuma sau da yawa milimita 2 kacal ake yafewa, ka wuce haka makin wurin ya tafi ko da aikin ya yi kyau kamar a lashe.

Babbar gasar duniya ta wannan harka ita ce WorldSkills, an fara ta a Madrid ta ƙasar Sifen a 1950, ana yin ta duk bayan shekara biyu, ta 2024 a Lyon ta Faransa aka yi. Kwana huɗu ake fafatawa, kuma a yawancin sana'o'i ɗan takara ba ya wuce shekara 22. Ko ƙaramar gasa yaron zai shiga, ka nemo takardar ƙa'idojinta da yadda ake rabon maki ku karanta tare tun kafin a taɓa fayif, don a nan za ka ga wane maki na awo ne wane kuma na ganin ido ne.

Sai zane. Wallahi a nan yara suka fi faɗuwa. Akwai wani yarona mai hannu sosai, ranar da na fara sa masa agogo na ba shi zane, ko minti biyu bai yi yana kallonsa ba ya ɗau kata ya hau yanka, ya gama haɗawa tsaf yana murmushi, da na ɗora tef sai ga kowane layi ya goce da kusan milimita 7 da rabi. Me ya faru? Zanen daga tsakiyar fayif zuwa tsakiyar fayif yake bayar da awo, shi kuma daga gefe ya riƙa aunawa, fayif ɗin na milimita 15 ne, rabinsa ke nan ya ɓata masa komai. Tun daga ranar na kafa doka, minti goma sha biyar na farko babu taɓa kayan aiki, fensir kawai da takarda, ya ja layin tsakiya a jikin allon da ake kafa fayif ɗin, ya rubuta tsawon kowane yanki da jerin abin da zai fara da wanda zai biyo baya.

Lanƙwasa jan ƙarfe kuwa sai an maimaita har hannu ya haddace. Ka ba shi benda ɗaya, wato abin lanƙwasa fayif, ya saba da ita, don kowace benda da halinta, kuma fayif yana ɗan komawa baya bayan ka saki hannu, sai ya koyi ƙara ɗan kaɗan don ya tsaya a digiri 90 daidai. Ya yi 90, ya yi 45, ya yi irin lanƙwasar da ke tsallake wani fayif, kullum, kuma kowacce ya ɗora ta kan allo ya gani ko ta kwanta ko ta murɗe. Kar ka zubar da waɗanda suka lalace, ka rubuta musu kwanan wata ka rataye, bayan wata guda shi da kansa zai ga bambanci.

Wajen liƙi da dalma, ya cire kaifin bakin fayif bayan yanka, ya goge har ya yi ƙyalli, ya shafa man liƙi kaɗan, wutar kuma a jikin soket ɗin za ta zauna har zafi ya ja dalmar ciki da kansa. Dalma ta zubo ta daskare kamar hawaye, ko allo ya ƙone ta baya, duk maki ne ke zubewa. In fayif na PPR ne, wato na roba da ake haɗawa da zafi, injin liƙin ya kai digiri 260 tukuna, kuma in ya tura kar ya murɗa. Ɓangaren ɗumama ma kar a raina shi, lagireton ɗumama ɗaki ya zauna a lebul, ya san wanne layi ke kai ruwan zafi wanne ke dawo da shi, ya san jan ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi, mita 10 zai iya ƙara kusan milimita 10 in zafin ya hau da digiri 60, don haka kilif ɗin da ke riƙe fayif ba a ɗaure shi kamar ana fushi da shi.

Yanzu abin da ya fi wa ogogi wuya, ni ma har da ni: in ka sa agogo, ka kama bakinka ka sa hannu a aljihu. Za ka ga yana shirin yin kuskure zuciyarka na tafasa, ka bar shi ya yi, don ranar gasa ba ka kusa, dole ya iya gano ɓarnarsa ya yanke shawara ko ya gyara ko ya wuce ya ceci sauran makin. Ka riƙa sauya masa wani abu a zanen ba sanarwa, ka kira mutane su tsaya a kansa suna surutu suna ɗaukar hoto, wata rana ma ka nemo wani ogan da bai san shi ba ya yi masa maki, don kai idonka ya riga ya saba da shi kana yi masa sassauci ba ka sani ba.

Gilashin ido, safar hannu, takalmi, share wuri, waɗannan makin banza ne da ake tsinta a ƙasa, ya mai da su ɗabi'a.

A kowane gwaji ya ware rabin awa na ƙarshe don gwajin iska. Ya toshe bakuna, ya hura, ya tsaya yana kallon allurar geji, in ta motsa ya bi haɗi ɗaya-ɗaya da ruwan sabulu har ya ga inda kumfa ke tashi. Shi zai gwada da kansa kafin ya ɗaga hannu ya ce ya gama, kuma ruwan sabulun nan ya kasance cikin akwatinsa tun daren jajibiri.