Ba yunwa ke kashe kifin betta ba, ɗura ce

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum ya sayo betta, ɗan kifin nan na ado, mai kyau, wutsiya baza-baza, sati uku ka ji yana cewa kifin ya kumbura yana iyo a karkace. Ka tambaye shi nawa yake zuba masa, sai ya ce ai duk sanda na wuce sai ya taso yana roƙo. To shi betta haka yake, ko yanzu ya ci zai sake tasowa, bai san ya ƙoshi ba.

Ni ma da haka na rasa na farko, wani ja, har yau abin na ci min rai. Safe, rana, dare ina barbaɗa masa, ashe ƙanwata ma tana ƙara masa in na fita. Busasshiyar ƙwayar abincin nan nasa tana shan ruwa ta kumbura, sai cikinsa ya toshe ya danne 'yar jakar iskar da ke daidaita masa iyo. Da idona na ga yana ta ƙoƙarin nutsewa ruwa na maido shi sama a kan gefensa, ƙasan tankin kuma duk ragowar abinci ta yi farin gashi-gashi. Wannan ragowar in ta ruɓe wata guba mai suna amoniya take fitarwa, ita kuma ƙona masa wurin numfashi take yi. Kwana huɗu ya yi a haka ya mutu.

Yanzu waɗanda nake da su ƙwaya 3 nake ba kowannensu da safe, 2 ko 3 da yamma, ɗaya bayan ɗaya, sai ya haɗiye in sa ta gaba. Ina ɗan jiƙa ta tukuna. Rana ɗaya a sati ba na ba su komai. Wanda cikinsa ya ɗaga kuwa kwana biyu zuwa uku babu abinci, sannan in ba shi dafniya, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa, tana sa shi kashi.

Sai masu saka shi a kwalba da tsiro a sama wai saiwar zai riƙa ci. Haba jama'a! Dubi bakinsa fa, sama yake kallo, don a fadamu da gonakin shinkafar Tailan inda asalinsa yake, tsutsar sauro da ƙananan ƙwarin da suka faɗo kan ruwa yake kamawa. Mai cin nama ne. In ka ga yana tsattsagar saiwa yunwa ce ta kai shi. Don Allah juya robar abincin ku karanta, in alkama ce a farko ku ajiye, ku nemi wanda kifi ko jatan lande ke gaba, furotin kusan kashi 40 cikin 100 ko fiye. Abincin kifin gwal ba nasa ba ne, biredi kuwa kar ma a fara.

Jajayen tsutsotsi yana son su sosai, amma sau ɗaya ko biyu a sati ya isa.

Robar da ta wuce wata shida a buɗe ni zubarwa nake yi.

Sabon kifi ya ƙi ci kwana biyu? Ƙyale shi, baƙunta ce. In ya daɗe yana ƙi, duba ruwan, in zafin ruwan ya yi ƙasa da digiri 24 na Selsiyas jikinsa mutuwa yake yi, abincin ma ba ya narkewa da kyau.

Za ka yi tafiyar kwana uku, kar ka juye masa abincin gaba ɗaya, lafiyayyen betta zai jira ka. In dole wani zai ba shi, ƙirga ƙwayar kowace rana ka ƙulle daban-daban, robar kuma ka ɓoye ta.