Yadda Za Ka Ci Moriyar Laburaren Garinku, Ka Kuma Taimaka Ya Tsaya Da Ƙafarsa

A wasu manyan garuruwan karkara na Kano da Jigawa akwai laburaren gwamnati, amma sai ka tsaya a tasha kana tambaya ka rasa mai nuna maka inda yake. Wasu sun ɗauka ofishin ma'aikata ne, wasu kuma a ganinsu sai ɗan jami'a ke shiga. Alhali na kowa ne: manomi, tela, ɗan sakandare, malamin Islamiyya, matar aure. Da kuɗin jama'a aka gina shi, da su ake biyan mai buɗe shi. Abin da ke damuna shi ne, laburaren da ba a shiga a hankali yake mutuwa. Yau a daina kai jarida, gobe a ɗauke ma'aikaci, jibi a mai da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Don haka shigarka kaɗai ma taimako ce, tun kafin ka ɗauki tsintsiya.

Fara da nemo shi

Kowace jiha tana da hukumar kula da laburare. Babban ginin ta Kano shi ne Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello a cikin birni, ta Jigawa kuma tana Dutse, kuma rassan da ke garuruwa a ƙarƙashinsu suke. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, kuma ba kowacce ke da reshe mai aiki ba, saboda haka kada ka kashe kuɗin mota a kan jita-jita. Tambayi shugaban makarantar sakandaren da ke kusa da ku, ko ka leƙa ofishin ilimi a sakatariya. Su suka fi sanin ko akwai, ko yana buɗewa, da sunan wanda ke riƙe da makulli.

Yawanci lokacin aikin gwamnati ake bi, Litinin zuwa Juma'a, kuma ranar Juma'a da wuri ake tashi. Idan daga ƙauye za ka taso, haɗa tafiyar da ranar kasuwa matuƙar tana ci ranar aiki, irin Alhamis ɗin Maigatari. Kuɗin mota ɗaya, buƙata biyu.

Ranar farko

Yi sallama, ka gaisa da ma'aikacin a natse. "Malam, ina kwana? Ni mutumin ƙauye kaza ne, yau ne zuwana na farko, ina so a nuna mini yadda ake yi." Wannan ya wadatar. Yawancinsu daɗi suke ji idan aka zo, domin zaman kaɗaici ya ishe su. Za a ce ka ajiye jakarka a bakin ƙofa, ka shiga da biro da littafin rubutu kawai. Kada ka ji haushi, ba zargin ka ake yi ba, doka ce a kan kowa. Rage ƙarar wayarka, abinci da lemo kuma a bar su waje.

A kan teburin farko akwai wani dogon littafi mai layi-layi, sau da yawa da biro ɗaure da zare a jikinsa. Rubuta sunanka, garinku, kwanan wata da lokacin shigarka, ka sa hannu. Mutane da yawa suna tsallake shi don ganin ɓata lokaci ne. Ina roƙonka kada ka tsallake, ko da jarida kawai ka shigo dubawa na minti goma. Da wannan littafi ma'aikacin yake rubuta rahoton da zai aika hedikwata, kuma da shi ake gane ko reshen ya cancanci sababbin littattafai da gyara. Idan manya suka zo duba aiki suka tarar da shafi fayau, to sun samu dalilin mantawa da ku. Idan ka zo da yaranka, kowa ya rubuta nasa sunan da hannunsa.

Yin rajista

Zama a ciki ka karanta ba ya buƙatar wani dogon sharaɗi, amma fita da littafi sai mai kati. Tafi da hotunan fasfo guda biyu da katin shaida: na ɗan ƙasa, na zaɓe, ko na makaranta idan ɗalibi ne kai. Za a ba ka fom ka cika. A wurare da dama ana neman wanda zai tsaya maka, kamar shugaban makarantarku, mai unguwa, dagaci, ko wani ma'aikacin gwamnati da aka sani a gari. Idan akwai kuɗin rajista, biya ka karɓi rasit. Kafin ka tashi, tambayi abu uku: littafi nawa ake ba da aro a lokaci guda, kwana nawa zai yi a hannunka, nawa ne tara idan ka makara.

Yadda ake gano littafi

A nan ne baƙo ke ruɗewa, ya yi ta zagaye kantoci har ya gaji ya fita. To ba a watse aka zuba littattafan ba. Tsarinsu kamar na kasuwa ne, 'yan hatsi da layinsu, 'yan tumaki da nasu. Zaro kowane littafi ka dubi gefensa, wajen ɗinki, daga ƙasa. Za ka ga 'yar farar takarda a manne, da lamba a sama da haruffa uku a ƙasanta. Lambar tana nuna fannin, haruffan kuma farkon sunan marubucin ne.

Yawancin laburaren jama'a suna bin tsarin da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Ba sai ka haddace duka ba, riƙe waɗanda suka shafe ka. Addinin Musulunci yana 297. Turanci 420, Larabci 492.7, Hausa 493.7. Ɗalibin kimiyya ya nufi gidan 500: lissafi 510, fizik 530, kemistiri 540, bayoloji 570. Gidan 600 shi ne na mutumin karkara, kuma shi ne ya fi yin ƙura don ba a san da shi ba. Kiwon lafiya yana 610, noma 630, kayan lambu 635, kiwon dabbobi da kaji 636, kifi 639, girki 641, ɗinki 646. Labarai da waƙoƙi suna gidan 800, tarihin Najeriya kuma 966.9.

Idan akwai durowa mai ƙananan aljihuna cike da katuna, ita ce jerin duk abin da ke ɗakin, an tsara ta bi da bi da sunan marubuci ko na littafi. Nemo katin, kwafi lambar, ka bi kanta. Idan babu, faɗa wa ma'aikacin buƙatarka ɓaro-ɓaro. Maimakon "ina son littafin noma", ce masa "albasata ce ke ruɓewa a rumbu" ko "ina so in fara kiwon kaji hamsin". Matambayi ba ya ɓata. In ka gama da littafi, bar shi a kan tebur, kada ka cusa shi inda ka ga sarari. Littafin da aka mayar gurbin da ba nasa ba, shekara zai yi ana nema.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba: duba shekarar bugu. Tana bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin. Da yawan abin da ke rassan karkara tsofaffi ne. Taswirar da aka buga kafin 1991 za ta nuna maka Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim duk cikin jihar Kano, domin a shekarar ne aka ƙirƙiro Jigawa. Wannan ba illa, tarihi ne. Amma tsohon littafin noma yana iya ce maka ka fesa DDT ko gamalin, waɗanda tuni aka haramta su. Duk abin da ya shafi magani, na mutum ko na gona ko na dabba, rubuta shi ka kai wa masani: ma'aikacin asibiti, malamin dabbobi, ko malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa. Lissafi da nahawu kuwa ba sa tsufa.

Aro da mayarwa

Ƙamus, kundin sani, taswira da jaridu ba a fita da su, a ciki ake dubawa. Idan shafi biyu kake buƙata, nemi izini ka ɗauka da wayarka. Sauran littattafan za a buga maka ranar dawowa a wata takarda da ke manne cikin bangon baya. Kafin ka fita, buɗa littafin a gaban ma'aikacin, idan akwai yagaggen shafi ka nuna masa, don kada a ɗora maka. A gida ajiye shi sama, nesa da randa da hannun yara, da damina kuma ka sa shi a leda kafin ka hau babur. Idan ba ka gama ba, kai shi a sabunta maka. Kada ka ba wa aboki aron abin da kai ma aro ka yi, sunanka ne a rubuce, kuma mutuncin wanda ya tsaya maka ne a ciki.

Masu shirin jarrabawa, ku fara tun da rani, kada ku jira WAEC ta ƙarato a watan Mayu ko NECO a Yuni, lokacin da kujera ke wuya kuma aikin gona ya kankama. Ku riƙa gwada littafin da manhajar bana, musamman na adabi, domin ana sauya su. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, saboda haka idan akwai kwamfuta mai aiki a reshenku, ko guda ɗaya ce, ku nemi a tsara muku lokaci kowa ya saba da ita kafin ranar.

Mata kuma, ke da ba ki samun fita, maigida ko ɗanki na iya aro miki da katinsa. Abin da ya fi shi ne ku haɗu ta hannun malamar Islamiyyarku ko ta ajin yaƙi da jahilci, ta je ta roƙi a ware muku yini guda a mako, ko a riƙa ba ta littattafai ashirin a akwati ta sa hannu, ta dawo da su ƙarshen wata ta karɓo wasu. Wannan dabarar akwati tana yi wa ƙauyen da ke nesa ma aiki, idan shugaban firamare ya yarda ya ɗauki nauyi.

Sa hannu a gyara

Bayan ka zama ɗan gida, sai ka tambayi ma'aikacin abin da ya fi damunsa. Kada ka yanke masa, shi ya san inda ke yoyo. Sau da yawa abin da hannu zai iya ne. Ku samu matasa biyar ko shida ku yi aikin gayya. A goge littattafai da busasshen tsumma, domin ƙurar hunturu tana cin takarda. A janye kantoci daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, a ɗora ƙafafunsu kan bulo. Leƙa bayan kowace kanta da tocila: idan ka ga siririn layin jar ƙasa ya hau bango, gara ce, kuma tana iya cinye cikin littafi ta bar bango lafiya lau, sai ka ɗaga ka ji shi ba nauyi. A kankare layin, a ware littattafan da ta taɓa, a kira mai feshi. Busasshen ganyen darbejiya a bayan jeri yana rage ƙananan ƙwari, amma ba ya maganin gara. Yagaggen shafi kuma kada a liƙe shi da salatif, yana yin ja ya ɓata rubutun. Gam na takarda ya fi.

Idan kyautar littattafai za ka kai, kai abin da kai ma za ka so ɗanka ya karanta. Abin da aka fi ƙishirwa shi ne littattafan yara masu hotuna, na Hausa, da na sakandare na manhajar yanzu. Kada a kwaso tarkacen da aka rasa inda za a zubar. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ajami da na Larabci da kuka gada ba na kanta ba ne, ku adana su a gida, ku ɗauki hotonsu shafi-shafi.

Abin da na fi so in ga an yi shi ne karatun yara. Awa guda a mako, tabarma biyu, mutum ɗaya mai murya ya karanta labari da Hausa, ya tsaya ya tambaye su me suke jin zai faru. Malamin da ya yi ritaya zai iya, 'yar sakandare ma za ta iya. Masu yi wa ƙasa hidima da aka turo garinku suna da ranar aikin al'umma kowane mako, kuma da yawansu neman abin yi suke. Ku je ku same su. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, da ta yaƙi da jahilci, 8 ga Satumba, dama ce ta shirya gasar karatu a gayyaci hakimi da iyaye, su ma su sa hannu a littafin bakin ƙofa.

Abin da ya fi ƙarfinku, kamar kwanon rufi, sola, fanka ko kuɗin jarida, sai a rubuta takarda. Ma'aikacin ba zai iya fitowa ya yi ƙorafi a kan hukumarsa ba, ku ne bakinsa, amma ku shawarce shi kafin ku rubuta don kada ku jawo masa matsala. Ku kafa ɗan kwamiti da ya haɗa da wakilin dagaci, malami, mace da matashi. Ku nemi abu ɗaya tak, da kiyasin kuɗinsa daga bakin kafinta ko mai haɗa sola. Ku haɗa da hotuna, da adadin mutanen da suka sa hannu cikin wata uku da suka wuce. Takardar ta bi ta hannun kansila zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a ba hakimi kwafi, a aika wani ga hukumar laburare ta jiha. Ku kai ta tun kaka ba ta yi nisa ba, domin a ƙarshen shekara ake haɗa kasafin kuɗi. A buga muku hatimin karɓa a kwafinku, ku ajiye shi. Idan wata guda ya wuce shiru, mutum biyu su koma da kwafin su tuna, sannan a kai wani ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar ku, wani kuma ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da 'yan garin da ke zaune Kano da Abuja, waɗanda kan dawo gida da Sallah.